Jangul but a filin horo: gwanin taɓo da ruwa, amma ba na gudun kwalta ba

Da zarar an sanar da ɗaukar sabbin sojoji, sai bakin titi ya cika da samari bayan sallar asuba, kowa na gudu yana gina jiki. Da yawansu za ka gan su da baƙin takalmin nan mai dogon wuya, rabinsa fata rabinsa kyalle, wanda ’yan kasuwa ke kira jangul but. Irinsa ’yan Man O’ War ke sawa, irinsa ake raba wa masu yi wa ƙasa hidima a sansanin makonni uku, kuma masu gadi da ’yan sintiri ma sun rungume shi. Hukuncinmu a kansa ba ɓoyayye ba ne: a cikin taɓo, da ƙetare rafi, da filin tsallake shingaye, da wuya ka samu takalmi a farashinsa da zai ja da shi. A kan kwalta kuwa, ga wanda ke gudun kilomita biyar kullum, shi ne hanya mafi sauri ta lalata ƙwauri tun kafin ranar tantancewa.

Kurtun da ya riga ya shiga Depot na Zariya, gidan horon da ke aiki tun 1924, ba shi da zaɓi. Abin da aka miƙa masa shi zai sa har ya cika watanninsa shida. Wannan sharhi na wanda zai cire kuɗi daga aljihunsa ne, ko don shirin shiga, ko don zuwa kwas ɗin hawan duwatsu irin na tsaunukan Shere a Jos.

Sanin inda takalmin ya fito shi ke bayyana halinsa. Sojojin Amurka suka fara gwada irinsa a dazuzzukan Fanama lokacin yaƙin duniya na biyu, kuma a 1944 wani saje mai suna Raymond Dobie ya zana ƙasan takalmin da har yau ake kira da sunan Fanama. Bai yaɗu ba sai a yaƙin Biyetnam, inda soja ke wuni cikin fadamar shinkafa. Tunanin masu yin sa shi ne: tunda ba yadda za a yi a hana ruwa shiga, to a bar shi ya shiga ya fita da sauri. Shi ya sa fata take a gaba da dunduniya da layin igiya kawai, wuyan kuma kyallen nailan ne mai saurin bushewa, da ɗamarar kyalle mai kauri da ta kewaye idon sawu. A gefen ciki, daidai kwarin tafin ƙafa, akwai ’yan ramuka biyu masu raga, su ne magudanar ruwa. Wajen 1966 aka ƙara siririn farantin ƙarfe a cikin sol, wato ƙasan takalmin, saboda tsinin gora da ake binnewa a ramuka a matsayin tarko.

Ƙasan shi ne babban abin yabo. Haƙoransa manya ne, a karkace, da fili mai faɗi a tsakaninsu. Duk lokacin da ƙafa ta lanƙwasa, filin yana buɗewa ya tofar da lakar da ta maƙale. Wanda ya taɓa shiga yumɓun fadama da takalmi mai ƙananan haƙora ya san yadda laka ke taruwa har kowace ƙafa ta ƙara nauyin kilo guda, ƙasan ya zama sumul kamar sabulu. Wannan ba ya faruwa da sol ɗin Fanama na gaske. A hawan gangaren rami mai santsi, ko jan ciki ƙarƙashin waya mai ƙaya inda ake tura jiki da gefen ƙafa, yana kama ƙasa yadda ake so.

A filin shingaye ma yana da rana. Akwai ɗan tsani tsakanin dunduniyar sol da tsakiyarsa, wanda ke riƙe igiya idan ana hawan raga ko tsanin igiya, ƙafa ba ta zamewa gaba. A hawan igiya ɗaya, inda ake naɗe ta a ƙafa ɗaya a danne da ɗayar, fatar gaba tana kare bayan ƙafa daga gurzuwa, taurin sol ɗin kuma yana ba da matsewa mai kyau. Wajen haye katangar da ta kai kusan mita biyu, bakin takalmin yana cizon siminti idan aka doka shi a tsayin ƙugu. Matsalar tana wajen dira. A samfurin asali sol ɗin roba ce mai tauri, babu soso a ciki, don haka duk ƙarfin faɗuwar yana wucewa kai tsaye zuwa dunduniya da gwiwa. Dole a sauko da jiki ƙasa-ƙasa kafin a saki katanga, a dira da ƙafa biyu a haɗe, a kan gaban tafi, gwiwa a lanƙwashe. Wanda ya dira da dunduniya ɗaya da miƙaƙƙiyar ƙafa zai yi mako biyu yana ɗingishi, kuma zai ce takalmin ne, alhali rabi laifin dirarsa ce.

Ƙetare ruwa shi ne aikin da aka yi shi dominsa. Ba a cire shi a bakin rafi, domin ƙasan ruwa akwai fasasshiyar kwalba da tsinin itace da duwatsu masu kaifi. A shiga da shi a ɗaure tam. Bayan an fita, kowane taku yana matse ruwa ta ramukan nan biyu, kuma cikin ’yan mintoci na tafiya za a daina jin cakal-cakal. Takalmin da ke da rufin hana ruwa a ciki, idan ruwa ya zubo ta wuya, sai ya zama bokiti, ya wuni bai bushe ba. Sai dai a kula: takalmin ne ke tsanewa, ba safa ba. A hutun farko bayan ƙetarewa a cire, a matse safa ko a sauya, a goge tsakanin yatsu. Ƙafar da ta wuni a jiƙe tana yin fari ta yamutse, fatar ta yi laushi, daga nan bororo da cin ruwa suke samun ƙofa. Sojojin Ingila sun ɗanɗana wannan a yaƙin tsibiran Fokland na 1982, inda takalminsu ya riƙa shan ruwa yana riƙewa cikin sanyi, ƙafafun mutane da dama suka lalace, har aka sauya takalmin bayan yaƙin.

Yanzu ga inda yake kasawa, kuma nan ne ya kamata mai saye ya fi natsuwa.

Gudu a kan kwalta. Ƙafa biyu na jangul but sun kusa kilo ɗaya da rabi, gwargwadon lamba, yayin da kambas ɗin gudu bai cika wuce rabin kilo da ɗan abu ba. Wani binciken sojan Amurka na 1969 ya nuna cewa nauyin da ke ƙafa yana cin ƙarfi kusan ninki biyar na irinsa da aka goya a baya. Ga nauyi, ga rashin soso, ga wuyan da ke hana idon sawu motsi yadda ya saba. Abin da ke biyo baya sananne ne a duk gidan horon soja. Na farko ciwon ƙwauri, wanda ke bin gefen ciki na ƙashin, ya tashi a farkon gudu ya lafa idan jiki ya yi zafi, ya dawo da dare. Na biyu kumburin agara, inda bayan wuyan takalmin ke gugar jijiyar. Na uku, wanda ya fi su haɗari, tsagewar ƙashi a hankali, galibi a ƙashi na biyu ko na uku na tsakiyar ƙafa. Wani likitan sojan Furusiya, tsohuwar masarautar Jamusawa, mai suna Breithaupt ya bayyana wannan ciwo tun 1855 a ƙafafun sojoji masu doguwar tafiya. Alamarsa ita ce zafi a wuri ɗaya tak da za ka iya nunawa da ɗan yatsa, da ɗan kumburi a bayan ƙafa, kuma ba ya lafawa da ɗumin jiki, ƙaruwa yake yi. Wanda ya ji haka ya daina gudu ya ga likita. Ƙashin yana bukatar makonni shida zuwa takwas, kuma hoton farko sau da yawa ba ya nuna komai. Abin takaici ne saurayi ya shafe wata uku yana shiri, ya isa wajen gudun kilomita 3.2 na tantancewa da karyayyar ƙafa da shi ya jawo wa kansa. Gudun gina numfashi a yi shi da kambas, a kan ƙasa ko filin ƙwallo idan da hali. But na tafiya da kaya ne da atisayen fili.

Farantin ƙarfen nan ma kaifi biyu gare shi. Yana tare ƙusa da ƙayar aduwa, amma a bazara, a kan kwaltar azahar ko yashi mai zafi, yana ɗaukar zafi ya ajiye shi ƙarƙashin tafin ƙafa. Da aka kai takalmin zuwa hamadar Saudiyya a yaƙin Tekun Fasha na 1990 zuwa 1991, abu biyu aka cire wajen yin na hamada: farantin, da ramukan ruwa, domin rairayi ta nan yake shiga. Mai atisaye a Sakkwato ko Katsina ko Maiduguri da rani ya riƙe wannan. Yashin da ya shiga ya haɗu da gumi yana cin fata kamar takardar goge katako. Wasu suna toshe ramukan da gam da rani, kuma yana aiki, amma an kashe amfanin takalmin ke nan idan damina ta zo. Wanda yawancin horonsa a busasshiyar ƙasa yake, gara ya nemi na hamada mai fatar da ba ta sheƙi.

A kan dutse kuwa labarin biyu ne. Busasshen falalen dutse irin na Shere ko Kufena ta Zariya yana da kaushi, roba tana kama shi. Da an yi ruwa, ko inda gansakuka ta kwanta, manyan haƙoran nan sun zama illa, domin ɗan ƙaramin ɓangare ne kawai na sol ɗin ke taɓa dutsen. A saukowa da igiya daga saman dutse, a buɗe ƙafa daidai faɗin kafaɗa, a jingina baya sosai, a dasa tafin gaba ɗaya a jikin dutsen. Mai tsoro da ya miƙe tsaye yana taka dutsen da bakin takalmi shi ne ke zamewa ya bugi dutse da gwiwa. Kuma takalmin ba ya riƙe ɗumi ko kaɗan. Kwanan daji a tsaunukan Filato cikin hunturu yana bukatar busasshiyar safa mai kauri da aka ajiye don barci kawai. Ƙwallon ƙafa ko ta raga da shi kuwa babu ma zancenta: haƙoran suna kafewa a ƙasa lokacin da jiki ya juya, gwiwa ce ke biyan bashin, ga raunata abokin wasa.

Abin da ke kasuwa kala uku ne. Akwai sabo na kamfanonin da suka daɗe suna yi wa sojan Amurka takalmi, irin su Altama da Belleville, mai tsada kuma ba ko’ina ake samu ba. Akwai na gwanjo. Akwai kuma kwaikwayo, wanda shi ya cika rumfuna, kuma daga nesa ba ka bambanta shi da na gaske. Bambancin yana wajen haɗin sol da fata. A tsohon samfurin gaske, ana narka robar ne a jikin fatar da zafi da matsi, su zama abu ɗaya. A kwaikwayo gam ne kawai, kuma ruwa da zafin rana sukan ɓamɓare shi daga baki, takalmin ya buɗe kamar kada, wani lokaci a makon farko. Sa babban yatsa a bakin takalmin ka tura fatar baya. In ka ga layin gam ko ɗan rata, ajiye shi. Goga ƙasan a kan siminti: roba tana turjewa, leda tana sulɓewa da ƙara. Leƙa ciki ka duba ramukan ruwa, domin a kwaikwayo da yawa ado ne aka manna daga waje, ba su huda ba. Ɗaga shimfiɗar ciki ka taɓa abin da ke ƙarƙashinta. In kwali ne, jiƙa biyu zai narke ya dunƙule ƙarƙashin yatsu. Matsa bayan dunduniya da yatsa biyu, ya kamata ya yi tauri ya ƙi lotsawa. Fatar gaske kuma idan ka lanƙwasa ta tana yin ƙananan tamoji, ta roba tana yin layi ɗaya mai kaifi wanda daga baya zai tsage ya saɓule.

Na gwanjo yakan fi sabon kwaikwayo nesa ba kusa ba, amma yana da tarko ɗaya. Sababbin samfura da yawa suna da soso na wata irin roba tsakanin sol da ƙafa, wadda damshin iska ke ci a hankali ko da ba a taɓa sa takalmin ba. Zai yi kyau a ido, ka yi tafiyar kilomita biyu ka ga yana zubar da gari, sol ya rabu. Danna farce a gefen soson. In ya shige ko ya yi danƙo ko ya marmashe, ya mutu, kuma babu shumekan da zai iya ceto shi sai dai ya sauya ƙasan baki ɗaya. Duba kuma cin dunduniyar: in mai shi na farko ya cinye gefe ɗaya, zai karkatar da takunka zuwa nasa.

Iri biyu muke ba da shawarar a ƙyale gaba ɗaya. Mai ƙarfe a baki na ma’aikatan gini ne, a doguwar tafiya yana yanka yatsu kuma yana kashe farce a gangara. Mai zif a gefe yana da daɗin sawa, amma taɓo da yashi suna kashe zif ɗin, kuma in ya fashe a daji ba ka da takalmi. Sannan a sayi baƙi ko ruwan ƙasa zalla. Dokar Najeriya ta hana farar hula sa kayan soja, kuma mai zanen kakin soja yana iya jawo tambayoyi a shingen bincike.

Lamba ita ce ke raba wanda zai yabi takalmin da wanda zai tsine masa. A je saye da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da irin safar da za a riƙa sawa. A tsaye, a bar faɗin babban yatsan hannu, wato santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, tsakanin dogon yatsa da bakin takalmi. A ɗaure igiya har sama, a doki ƙasa da baki sau uku: in yatsu sun taɓa gaba, ya yi kaɗan. A ɗaga dunduniya: in tana fita sama da rabin santimita, ya yi yawa. Lambar Amurka 9 tana kusa da 42 a lambar da muka saba. Kusa da lambar akwai harafi, R na matsakaicin faɗi, W na mai faɗi. Ƙafar da ta girma cikin silifa takan baje a gaba, don haka yawancin samarinmu W ne ya dace da su. Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙara lamba biyu don neman faɗi, sai ƙafa ta riƙa yawo a ciki.

Sabon jangul but ba a fita doguwar tafiya da shi. Kwana uku na farko a sa shi awa ɗaya ko biyu a gida da unguwa. Daga nan tafiyar kilomita uku ba kaya, sau uku a mako, sannan biyar, sannan takwas. A mako na uku a fara goya jaka mai kilo biyar, a riƙa ƙara kilo biyu duk mako, kuma kada a ƙara nisa da nauyi a mako ɗaya. Saurin kilomita huɗu zuwa biyar a awa ya isa, da hutun minti goma kowace awa. Tsohuwar dabarar jiƙa takalmin sharkaf a yi tafiya da shi har ya bushe a ƙafa tana sa fatar ta ɗauki siffar ƙafa da wuri, amma a yi ta a gajeriyar tafiya kusa da gida, a sauya safa sau biyu. Inda wuyan ke lanƙwasawa a gaban idon sawu yakan ciji mutane da yawa. Maganinsa a tsallake ƙofar igiya ɗaya a daidai wurin, a bi gefe da igiyar maimakon a gicciye ta. Shimfiɗar cikin da ke zuwa da shi ba ta da kirki, a saya mai ɗan soso a sa, a gwada lambar da ita a ciki.

Safar auduga tana shan gumi ta riƙe, ita ce uwar bororo. A sa biyu: siririya ta nailan a jikin fata, mai kauri ta ulu ko gaurayensa a sama, yadda gugar za ta kasance tsakanin safa da safa. A yanke farce a miƙe kwana biyu kafin doguwar tafiya, ba a daren ba. Da an ji wani wuri ya fara zafi, a tsaya a manna filasta mai faɗi a busasshiyar fata, kada a jira ya tara ruwa. Ƙaramin bororo a bar shi. Babba mai hana taku a wanke, a huda gefensa da allurar da aka tsabtace, a matse ruwan, a bar fatar saman a rufe da filasta. In wurin ya yi ja yana yaɗuwa, ko ya fara mugunya, aikin asibiti ne. Kaushi da faso a dunduniya a riƙa shafa musu man kaɗanya da dare, domin tsagar faso cikin ruwan fadama hanyar ƙwayar cuta ce.

Kulawarsa ba wuya. A wanke laka da buroshi tun tana ɗanya, a tsokane ramukan ruwa da tsinke, a cire shimfiɗa da igiya, a cusa tsohuwar jarida a ajiye a inuwa mai iska. Kusa da wuta ko kan kwanon rufi da rana tsaka fatar tana ƙanƙancewa ta fashe. Man takalmi a fata kawai, kyallen ruwa da sabulu sun ishe shi. A daji a kife shi a kan sanda biyu da dare, kuma a kakkaɓe kafin a zura ƙafa da safe saboda kunama. A riƙe igiya ta biyu a jaka, domin takan tsinke ne a ƙofa ta uku ko ta huɗu inda ta fi guga. Idan haƙoran tsakiya suka cinye har suka yi daidai da filin da ke tsakaninsu, ko dunduniyar ta karkace har takalmin ya jingina gefe idan an ajiye shi a kan tebur, a mayar da shi na aikin gona a nemi wani.